Allura ta Goma

Am Lazhar Darbali ya rasu ranar Talata da ƙarfe sha ɗaya saura kwata na safe, yana zaune a kan kujerarsa a ƙofar gida, a lungun da ke bayan kasuwar Testur. Shekarunsa saba'in da takwas, kowa a lungun Am yake ce masa, wato baffa. A safiyar ya yi wa zomaye tara allurar rigakafi, ya zuƙo ta goma a sirinji, ya ajiye a kan tire, sannan ya jingina kansa da bango. Mutum shida ne a wurin. Babu wanda ya lura sai Munjiya mai ɗinki, wadda gidanta ke jikin nasa, ita ma sai da ta kira shi sau biyu.

Allura ta goman ta zomanyarsa ce, Luza. Saura minti ashirin da biyar maganin ya lalace.

Duk lungun ya san ƙa'idar maganin, don Am Lazhar ya shekara goma sha biyar yana maimaita ta. A 'yar kwalba yake zuwa, busasshen gari, na zomo goma cif. Da an haɗa shi da ruwansa, awa biyu gare shi. Bayan nan ruwa ne kawai. Ba a raba kwalba, ba a ajiye saura. Shi ya sa sau biyu a shekara, a watan Afrilu da kuma Oktoba, lokacin da sauro ke tasowa daga gaɓar kogin Majarda, yakan bi gida-gida yana ƙirga zomayen da ba na tukunya ba, waɗanda aka raɗa wa suna, har su cika goma. Kafin ya yi ritaya, shekara talatin da ɗaya ya yi yana yi wa shanu da tumaki allura a ofishin dabbobi.

Likitar dabbobi, Dakta Hela, miksomatoz take kiran cutar. Mutanen lungu kumburi suke ce mata. Ido ke fara yin ja, fatarsa ta kumbura ta rufe shi, kunnuwa su yi nauyi su faɗi, kai ya koma kamar na wata dabbar daban. Zomon yakan zauna a makance yana jan numfashi da ƙyar kwana goma ko sha biyu. Ba ta da magani, sai rigakafi. Shekarar da aka kawo Munjiya lungun tana amarya, ta ga Am Lazhar ya tura baro sau uku zuwa bayan lambuna. Zomo arba'in da uku ya binne a mako guda.

Yana da wata ƙa'idar kuma, tasa ta kansa. Zomon mai allura shi ne na ƙarshe. In lissafi ya goce, ko wani ya zo a makare, nasa ne zai rasa. A Afrilun da ya wuce wata mata daga wani lungu ta iso da gudu da baƙin zomo a cikin kwando, ya ba ta allurar Luza. Ke nan Luza ta shekara guda ba a yi mata allura ba. Ranar Litinin da ya je karɓo kwalba, Dakta Hela ta gaya masa cewa kumburi ya ɓulla a lambunan tsallaken kogi, kuma wannan ce kwalbar ƙarshe a firjinta. Sababbi sai bayan mako uku.

Ranar Juma'ar da ta gabata ya dawo daga asibiti a Beja. Munjiya ta tare shi a ƙofa ta tambaye shi me likita ya ce.

"Ya ce zuciyata ta gaji. Na ce masa ai na riga shi sani."

"To me za a yi?"

"Ranar Talata za a yi allura. Ki wanke tawul."

Aikin Munjiya ke nan tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ita ke naɗe zomo a tawul, ta ɗora shi a cinya, ta danne ƙafafun baya, ta kau da kai ta kalli bango. Mace ce da ke yini da allura a hannu, amma ba ta iya kallon allura tana shiga fata. Ko 'ya'yanta, mijinta Farjani ne ke kai su rigakafi. A shekarun nan duka ba ta taɓa ganin yadda Am Lazhar ke yi ba. Ta dai san lokacin da zomon ke ɗan zabura a cinyarta.

Ranar Talatar ya fito da jar dararsa a ka, da kular ƙanƙara a hannu. Shekara biyu ke nan hannuwansa na rawa. Shayi ma rabin kofi ake zuba masa, duk da haka sai ya ɗiga a riga. Ya zauna, ya jera auduga da sirinji goma a kan tire, ya ɗaga kai ya dubi agogon hasumiyar babban masallaci, mai juyawa ta hagu, wanda ake hangowa daga bakin lungu. Bai taɓa ɗaura agogo ba.

"Tara da minti goma," ya ce, ya huda kwalbar.

Sahbi mai aski ne na farko a layi, da farin zomonsa Sultan a hammata.

"Si Lazhar, wannan hannun naka yau da wa zai fara, da Sultan ko da cinyar Munjiya?"

"Da kai ya kamata in fara. Tun bara nake ganin kanka yana kumbura."

"Wannan ilimi ne."

"Iska ce. Miƙa mata."

Aka yi dariya. Munjiya ta naɗe Sultan, ta juya fuska wajen bango.

"Juyo," in ji Am Lazhar.

"Na'am?"

"Juyo ki kalla."

"Am Lazhar, ka san ba na iyawa."

"Ban ce ki iya ba. Cewa na yi ki kalla. Bangon nan kin haddace shi."

Ta juyo, don mutane na jira kuma agogo na tafiya. Abin da ta fara gani shi ne hannun. Yana karkarwa har ya kai kan tire. Da yatsun suka rufe kan sirinjin, rawar ta tsaya cak, kamar an kashe injin. Ya zuƙo maganin zuwa layin da yake so, ya ƙwanƙwasa sirinjin da farce, ƙwayar iska ta hau ta fita. Hannun bai motsa ba ko da faɗin zare. Munjiya ta dubi Sahbi ta ga shi bai yi mamaki ba. Kowa a lungun ya san da wannan, ita kaɗai ce ba ta taɓa gani ba.

"Ido tukuna," ya ce. "In ya yi ja ko ya kumbura, kada ki ɓata allura, an riga an makara. Sai gindin kunne. Sai ƙarƙashin wutsiya. Yanzu ki tsinci fatar ƙeya da yatsu biyu ki ɗaga, ta zama kamar 'yar rumfa. Kin gani? Ta ƙofar rumfar allura ke shiga."

Ya shigar. Sultan ya zabura. Ya ajiye sirinjin, hannun ya koma rawarsa.

Aikin da yakan gama a minti arba'in, ranar ya ja shi. Bayan kowane zomo sai ya huta, ya dafa gwiwa, ya ja numfashi ta baki. Kuma kowanne sai ya maimaita mata. A na huɗu ya sa ta duba idon da kanta. A na shida ya sa ta ɗaga fatar, shi ya soka.

"Ki ji ni da kyau, 'yata. Wannan ba ɗinki ba ne. Allurarki ta saba ta shiga ta fita ta ɗaya gefen. Wannan shiga kawai take yi, ta tsaya a tsakiya. Duk mai ɗinkin da na koya wa, sai ta ɓulla."

"Masu ɗinki nawa ka koya wa?"

"Ke ce ta farko. Amma na san hannunku."

"Si Lazhar na neman magaji," in ji Sahbi, wanda bai koma shago ba. "Munjiya, ki ce sai ya haɗa miki da darar."

"Ni ba abin da zan gada. Yana nan zai yi ta Afrilu."

Am Lazhar ya dubi layi. Ya ce a kawo na bakwai.

Na tara wata toka-toka ce ta gidan mai sayar da cuku. Ya yi mata, matar ta karɓe ta tana godiya. Ya dubi hasumiya. Ya ɗauki sirinjin ƙarshe, ya kifa kwalbar, ya zuƙe abin da ya rage har ɗigon ƙarshe, ya mayar da murfin allurar, ya ajiye.

"Bari in ɗan huta, sai ki ɗauko ta," ya ce.

Munjiya ta karkaɗe gashin zomo daga tawul. Ta ninke shi. Ta ce, "In ɗauko ta yanzu?" Ta sake cewa, "Am Lazhar?" Darar ta ɗan zame ta rufe masa gira ɗaya. Hannuwansa biyu suna kan gwiwa, ba sa rawa.

Sahbi ya durƙusa ya taɓa wuyansa, ya daɗe, sannan ya yi salati ya shafe masa ido. Matar mai cuku ta fasa ihu. Maza uku suka ɗaga shi har da kujerar suka shiga da shi ciki. Wani ya tafi kiran likita, wani ya nufi gidan ƙanwarsa Lalla Duja a ƙarshen lungu. Wajibin maƙwabciyar jikin bango sananne ne, ba sai an faɗa ba. Ita ke kawo farin mayafi, ita ke kiran dangi, ita ke ɗora tukunya, don ba a hura wuta a gidan mamaci sai bayan kwana uku. Munjiya ta shiga gidanta ta ciro mayafin daga ƙasan akwati. Ta kira 'yarsa Rauda a Tunis ta gaya mata cikin jimla biyu. Ta tsaya har kukan ya lafa ta ji ta ce tana tafe.

Da ta fito, lungun ba kowa, duk sun shige ciki. Tiren yana nan a kan benci. Kwalba ba komai, auduga, sirinji tara da aka yi amfani da su a gefe guda, a jere, allurarsu na kallon bango. Na goman yana ajiye daban, an juya shi, mariƙinsa na fuskantar 'yar kujerar da take zama, daidai inda hannun damanta ke sauka.

Ta tsaya tana kallonsa. Ko da take kallon bango, kunnenta ya san tsarin aikin. Ba ya taɓa zuƙo magani sai zomo na kan cinyarta, don kada ya ɗumama a sirinji. Yau ma sau tara haka ya yi. Na goma ne kaɗai ya zuƙo tun ba a kawo zomon ba.

Ta dubi hasumiya. Sha ɗaya saura minti biyu.

Luza tana tsakar gida, a keji ƙarƙashin bishiyar rumman, an lulluɓe kejin da tsohon gidan sauro. Sai an wuce ƙofar ɗakin da aka kwantar da shi kafin a isa wurin. Munjiya ta miƙa wa Sahbi mayafin a bakin ƙofa, ta ratsa mata bakwai ko takwas da suka riga suka zauna a kan tabarma, sirinji a hannu, tawul a kafaɗa. Ta buɗe kejin ta ciro Luza, ja-ja mai farin goshi, mai shekara shida, mai nauyi kamar jariri.

"Me nake gani?"

Lalla Duja ce a ƙofar ɗakin, lulluɓinta ya zame, fuskarta jiƙe. Ta haura shekara saba'in, kuma babu matar da ke son shiga bakinta a lungun.

"Yayana bai huce ba, ke kina wasa da zomo? A gidansa? A gaban mutane?"

Munjiya ta san abin da za a faɗa gobe a gidan wanka da wajen mai burodi, ta kuma san za a daɗe ana faɗa.

"Lalla Duja, saura minti goma maganin ya mutu."

"Ya mutu mana! Wanda ya fi shi ma ya mutu. Ajiye dabbar nan ki je ki ɗora ruwa."

"Ba ta samu ta Afrilu ba. Kumburi na tsallaken kogi. Babu wata kwalbar."

"Ke yanzu likita ce?"

"Shi ya zuƙo." Munjiya ta ɗaga sirinjin. "Da hannunsa. Shi ne abin da ya taɓa na ƙarshe. Ya yi wa na kowa, ya bar tasa."

Lalla Duja ta dubi sirinjin. Ta dubi zomanyar.

"Haka yake tun muna yara," ta ce daga baya, murya ƙasa. "In an kawo kwano, sai kowa ya ɗiba. Ummi har dukansa ta yi a kan haka." Ta share hanci da gefen lulluɓi. Sannan ta daka tsawa: "To da hannu nawa za ki yi? Ki riƙe ki kuma soka? Ba ki da hankali ne? Kawo ta nan."

Ta zauna a bakin rijiyar tsakar gida, ta shimfiɗa tawul a cinya, ta naɗe Luza kamar mai naɗe jika. Munjiya ta durƙusa. Ta duba ido. Garau. Gindin kunne. Ƙarƙashin wutsiya. Ta tsinci fatar ƙeya ta ɗaga. Ta ji zuciyar dabbar na bugawa da sauri a ƙarƙashin yatsunta. Ta cire murfin da haƙori, ta yi bisimilla, ta soka, ta fara dannawa.

Wani abu mai sanyi ya taɓa mata yatsan hagu. Ta duba. Bakin allurar ya ɓulla ta ɗaya gefen fatar, tsaf, kamar a bakin zane, kuma ɗigo biyu ko uku sun jiƙa gashin.

"Ta ɓulla," ta ce.

"To ja baya mana! Ni za ki gaya wa?"

Ta ja baya kaɗan har bakin ya ɓace a cikin fata, ta tsaya a tsakiya, ta danna sauran a hankali. Luza ta zabura. Munjiya ta zare allurar ta murza wurin da yatsa, yadda ta ga ya yi sau tara.

Ɗaya daga cikin matan ta leƙa waje ta dawo ta ce sha ɗaya da minti shida.

Lalla Duja ba ta saki zomanyar nan take ba. Ta sunkuya ta sa fuskarta a cikin gashin, kafaɗunta na girgiza. Daga nan ta miƙa ta, ta gyara lulluɓi, ta ce, "Yanzu sai ki je ki ɗora ruwan."

An binne shi bayan la'asar. Munjiya ta dafa kuskus na mutum sittin a ranar, ta sake dafawa kwana biyu a jere. Rauda ta ce gidanta a hawa na huɗu yake, ba wurin zomo. Farjani ya ɗauko kejin ya ajiye a tsakar gidansu, kusa da tagar ɗakin ɗinki. Tsohon gidan sauron ya yayyage, Munjiya ta ɗinka sabo da ragowar yadin mayafin wata amarya.

Ranar Alhamis Dakta Hela ta zo gaisuwa, Munjiya ta ja ta gefe ta nuna mata. Likitar ta laluba ƙeyar, ta tambayi ɗigo nawa suka zube.

"Biyu. Ko uku."

"Daga rabin mililita."

"Ya isa?"

"Yana iya isa. Yana iya kasawa. Ba abin da zan auna in gaya miki. Ko da duka ya shiga, sai ya ɗauki kwanaki kafin ya kama jiki. In sababbin kwalabe sun zo, sai a sake mata." Ta rufe jakarta. "Wa zai tara goman?"

Munjiya ta raka ta bakin ƙofa. Da yamma Sahbi ya aiko da tiren, an wanke shi, da kular ƙanƙara. Bai haɗo da saƙo ba. Ta ɗora su a kan kabad.

Yau kwana tara da rasuwar. Jiya an ce zomo biyu sun mutu a lambun da ke wannan gefen kogin, na farko da aka ji a wannan gaɓar. Kowace safiya, kafin ta zauna kan keken ɗinki, Munjiya takan ciro Luza ta juya fuskarta wajen haske. Lalla Duja takan biyo ta hanyar kasuwa, ta tsaya a ƙofa ba ta shiga ba, ta ce, "Yaya idon?"

"Garau," in ji Munjiya yau.

Tsohuwar ta gyaɗa kai ta wuce. Munjiya ta mayar da zomanyar, ta sa mata ganyen karas, ta ja farin yadin ta cusa gefensa ƙarƙashin kejin. Saura kwana goma sha ɗaya kwalabe su iso. A jikin yadin, ta waje, sauro ɗaya ya sauka ya tsaya.